Tsaka Biyu a Aziziyya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya halicci abin da muke so da abin da muke ƙyama, kuma yake ciyar da su duka.

Ɗakin farko da na zauna a Jidda ba shi da taga. Wani dillali ɗan ƙasarmu ne ya samo wa maigidana, Baban Ummi, kusa da tashar jiragen ruwa inda yake gyaran injinan sanyi a wani babban sito. Hoton da dillalin ya tura masa na wani ɗaki ne daban, mai haske, har da labule. Da muka iso da akwatunanmu sai ya buɗe mana wani kogo a ƙarƙashin bene, yana cewa, "Wancan an riga ku, Alhaji, amma wannan ma akwai albarka." Ya riga ya karɓi la'adarsa. Daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da Hausa ya cuce mu, har yana tambayata ya mutanen Haɗeja.

A ɗakin nan ba na sanin rana ta fito ko ta faɗi sai da kiran salla. Baban Ummi ya fita bayan asuba, ya dawo a gajiye, ya ci abinci yana gyangyaɗi. 'Yarmu Ummi mun bar ta wurin mahaifiyata, saboda kuɗin da ake biya a kan kowane kai na iyali ya fi ƙarfinmu. Ni kuma iƙamata, wato takardar zama, a ƙarƙashin tasa take, an rubuta a jikinta cewa ba ni da izinin aiki. In na leƙa waje iska ta manne mini a fuska kamar jiƙaƙƙen tsumma. Babu mai sallama. Babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce a sam mata kanwa. Wata rana na kama kaina ina yi wa tukunya sannu da aiki, sai na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata, na tashi na ci gaba da tuƙi.

Mutum ɗaya nake tunawa da alheri a unguwar, wani ɗan Bangaladash mai ƙaramin shago. Ya lura kuɓewa nake nema kullum, sai ya riƙa ɓoye mini masu taushi a ƙarƙashin teburinsa. Da ya hango ni sai ya ɗaga leda ya ce, "Nijeriya! Bamiya!" Iyakar hirarmu ke nan, amma ina fita dominta.

Daga baya Allah ya sa muka koma unguwar Aziziyya, a nan cikin Jidda, hawa na biyu, ɗaki da falo, da taga mai kallon titi. A nan na haɗu da Hajiya Zainabu, maƙwabciyarmu ta hawan ƙasa.

Ina cikin kaɗa miya ranar wata Juma'a aka buga ƙofa da ƙarfi. Na buɗe, sai ga tsohuwa doguwa cikin baƙar abaya, tana haki saboda hawan bene.

"Wace ce take dafa kuka a gidan nan?" Haka ta fara, ko sallama ba ta gama ba.

Na ce, "Ni ce, Hajiya. Warin daddawa ya dame ku ne? A yi haƙuri."

"Dame ni? Wallah, ya binti, tun daga ƙasa nake bin sa kamar kyanwa. Matsa in shiga."

A Jidda aka haife ta. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa don aikin hajji, bai koma ba. Ita ba ta taɓa ganin Najeriya ba, Hausarta kuma rabi Larabci ce, amma harshenta ya san tuwo. Ta ce tun rasuwar mahaifiyarta ba ta ƙara cin miyar kuka ta gaskiya ba, 'ya'yanta shinkafa da kaza kawai suka sani. Ranar ta ci malmala biyu, ta suɗe hannu, ta yi wa iyayena addu'a har sai da na ji kunya.

Daga nan Juma'a ta zama tamu. Ta hawo bayan an sauko daga masallaci, mu baje a falo, ta ci, ta ba ni labarin Jidda ta da. Ita ta nuna mini inda ake sayar da gero, ita ta raka ni asibiti da zazzaɓi ya kwantar da ni, ta yi wa likita faɗa da Larabci har ya sake duba ni. In na kira Ummi a waya sai ta karɓe ta ce, "Ke, kakarki ta Jidda ce." A duk faɗin garin nan, in an cire maigidana, ita kaɗai ce ta san sunana Rabi.

Ana haka sai Baban Ummi ya shigo wani yammaci ɗauke da akwatin gilashi, an lulluɓe shi da tawul.

Ya ce, "Maman Ummi, don Allah kar ki yi ihu."

"Me zai sa in yi ihu?"

Ya yaye tawul ɗin. Na yi ihu.

Tsaka ce, har guda biyu. Ba irin tamu fara sol mai bin bango ba. Waɗannan rawaya ne da ɗigo-ɗigon baƙi kamar damisa, ga wutsiya mai kauri. Amma tsaka tsaka ce. Na haye kujera ina a'uziyya, shi kuma yana ta bayani. Na abokin aikinsa ne, ɗan Filifin, wanda kafilinsa, wato uban gidan da ya ɗauke shi aiki, ya ƙare masa kwantiragi ba zato, aka ba shi takardar fita. Ya rasa wanda zai bar wa, ya roƙi Baban Ummi har da hawaye.

"Kiwonsu ake yi a nan, kamar yadda ake kiwon tattabaru a gida. Samarin Larabawa suna sayen 'ya'yan. Akwai mai shagon dabbobi da ya ce duk abin da aka ƙyanƙyashe a kai masa. Kin ce zaman banza ya ishe ki. Ga aiki a cikin ɗaki, babu mai tambayarki takarda."

Na ce, "Malam, kiwon tsaka? In ce wa Inna me nake yi a ƙasa mai tsarki?"

Ya ce, "Ki ce mata kina kiwo."

Ni dai na tashi a gidan da in aka ga tsaka kowa takalmi yake nema. Kakata in ta ga ta gifta kusa da kwano, abincin da ke ciki ya tafi bola ke nan, ta ce kuturta take sawa. A Islamiyya ma an gaya mana akwai lada a kashe ta. Yanzu ga ta a falona, an ce in ba ta abinci.

Kwanakin farko da dogon cokali nake tura musu tsutsa, ina kau da kai. Amma wanda ba shi da abokin hira ba ya rasa abin kallo. Na fara lura. Suna da fatar ido, suna lumshewa su yi barci kamar mutane, tamu ta gida kuwa ba ta ƙiftawa. Ba sa iya hawa gilashi. Tafiyarsu a hankali, kamar jariri mai koyon rarrafe. Macen in ta sha ruwa sai ta lashe bakinta ta dube ni. Ranar da ta yi saɓa na zauna na kalle ta tana jan tsohuwar fatar da baki, tana tuɓe ta kamar safa, har na manta da wanki a injin. Ban ba su suna ba, don na ji tsoron kar abin ya yi nisa. Macen da namijin kawai nake cewa.

Akwatin a rabe yake da wani katako a tsakiya, kowa da ɓangarensa. Duk maganar kiwon a kan katakon nan take. In na zare shi, an fara. Na ɗauki waya na yi ta kallon masu bayani da ɗan Turancina na sakandare, kuma duk abin da na ji sai ya ƙara mini nauyi. Namijin yakan ciji macen a wuya. Ƙwai biyu take yi a lokaci ɗaya, ta sake, ta sake, har ta rame. Dole a riƙa barbaɗa wa abincinta wani farin gari mai ƙarfafa ƙashi, in ba haka ba ƙwan ya maƙale a cikinta ta mutu. Ƙwan kuma ba a juya shi, sai a sa masa alama da fensir a sama, a ajiye a ƙasa mai danshi, a yi ta tsaron zafi makonni. Ni da na sha wuya a haihuwar Ummi har aka fid da rai da ni, sai na ji ba zan iya sa wata halitta a wannan hanya don kawai ina jin kaɗaici ba. Washegari kuma in tashi in ce ai dabba don haihuwa aka yi ta. In sa hannu a kan katakon, in janye.

Na sa Baban Ummi ya tambayi wani malami a masallacinsu. Ya dawo ya ce malamin ya ce akwai masu hana ajiye ta gaba ɗaya, akwai masu ganin wannan wata dabba ce daban da mai cutarwar da aka yi magana a kanta, kuma in dai na riƙe, haƙƙin ci da shanta yana wuyana. Na ce, "To, in yi ko in bari?" Ya ce, "Bai ce ba." Na yi istihara, ban ga komai ba, zuciyata kuma ta ci gaba da lilo.

Hajiya ba ta san komai ba. Duk Juma'a sai in tura akwatin uwar ɗaka in ja ƙofa. Abin da ban yi tunani a kai ba shi ne tsutsar. A firij ake ajiye ta don sanyi ya sa ta lafa, ni kuma da na rasa mazubi sai na zuba ta a robar laban, nonon da ake sayarwa a shago, na huda murfin.

Wata Juma'a yaji ya yi yawa a miya. Hajiya ta tashi tana fifita baki da hannu ta ce, "Zauna, ai ni ba baƙuwa ba ce." Kafin in haɗiye lomar da ke bakina ta buɗe firij.

Na ji ƙarar roba a ƙasa. Na shigo na tarar da tsutsa ta watsu a kan tayil tana motsi, Hajiya ta manne da bango.

"Esh hada? Mene ne wannan, Rabi?"

Ƙarya ta zo bakina, na mayar da ita. Na kai ta uwar ɗaka na nuna mata. Macen ta fito daga ɓuyarta ta ɗaga kai tana dubanmu.

A hankali Hajiya ta ce, "Wazaga. Tsaka. Da hannun nan kike ba ta abinci?"

"Da cokali, Hajiya. Kuma ina wankewa."

"Da hannun nan kike tuƙa mini tuwo?"

Ta je ta kuskure baki a bayi, na ji tana yi tana maimaitawa. Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce, "Halas," wato shi ke nan, ta sauka, tana riƙe da ƙarfen bene da hannu biyu.

Juma'ar da ta biyo ba ta zo ba. Na zuba tuwo a kwano na sauka na ajiye mata a ƙofa. Da yamma na tarar da kwanon a tawa ƙofar, abincin yana ciki ba a taɓa ba, an ɗora dabino a kan murfin, don ko a cikin fushi Hajiya ba ta mayar da kwano haka nan. In mun haɗu a bene ta amsa gaisuwa, ta tambayi Ummi, ta wuce. Ba ta zage ni ba, ba ta gaya wa kowa ba. Da ma ta zage ni.

Sai na koma kamar zamanin ɗakin da ba taga. In dafa abinci in rasa wanda zai ce ya yi daɗi ko bai yi ba. Na daina yin tuwo ma. Bacci ba ya isata, ga ciwon kai. Na dubi akwatin nan wata safiya na ce, a kan waɗannan na rasa uwa a garin da ba ni da kowa? Na ce wa Baban Ummi ranar hutunsa ya kai ni wurin mai shagon dabbobin nan, a ba shi su, ko kyauta ne.

Muka ɗauki tasi, akwatin a cinyata. Shagon yana can wani lungu, wari ya tare mu tun daga ƙofa. Mutumin ya leƙa akwatin ya taɓe baki. Baban Ummi ya fassara mini: wai waɗannan gama-gari ne, kowa yana da su, shi bai taɓa yin alkawarin sayen 'ya'yansu ba, amma in mun gaji mu ajiye a can. Ya nuna da haɓa.

Na je na duba inda ya nuna. Akwati ɗaya ne, an tara su a ciki suna hawan juna. Wasu ba wutsiya, wasu ƙashin bayansu ya fito. Mazubin ruwan ya bushe har ya yi fari. A kusurwa akwai wata da ta mutu ta ƙandare, ba wanda ya cire ta. Na ce wa mutumin da ɗan Larabcina, "Moya," wato ruwa. Ya ce, "Ba'den," wai sai an jima, yana danna waya.

Na ɗauki robar ruwan da ke jakata na zuba musu. Suka taso suna lasa. Sannan na rungumi akwatina na fita.

A tasi, da muka kusa gida, Baban Ummi ya ce, "To yanzu fa, Maman Ummi? Kin ƙi ajiyewa, kin ƙi bayarwa, kin ƙi haɗa su."

Na ce, "Ban sani ba, Malam. Na gaji."

Ya ce, "Ni ma laifina ne da na kawo." Ya karɓi akwatin ya hau da shi.

Bayan la'asar na sauka na buga ƙofar Hajiya. Ta buɗe, ta dube ni, ta dubi hannuwana, ta ga ba kwano.

Na ce, "Hajiya, na kai su in rabu da su saboda ke. Na kasa." Na ba ta labarin shagon, da ruwan da ya bushe, da wadda ta mutu a kusurwa. Na ce, "In na bar su a can Allah zai tambaye ni. In na riƙe su kin tafi. Ban san yadda zan yi ba, shi ya sa na zo in gaya miki kawai."

Ta ce, "La haula. Ko ruwa?"

"Ko ruwa."

Ta ja tsaki, ta zagi mai shagon da Larabci zagi mai tsawo. Sannan ta zauna a kujerar da ke bakin ƙofa, ta ce, "Ki ji, ya binti. 'Yata a asibiti take aiki. Na tambaye ta, ta yi mini dariya, ta ce tsaka ba ta sa kuturta, zancen mutanen da ne. Kaina ya yarda. Maƙogwarona ne ya ƙi. Uwata ta mutu tana rufe kwano saboda ita. In na ɗaga loma a ɗakinki, fuskar uwata zan gani. Ba zan iya ba, wallah."

Na ce, "Na gane, Hajiya." Na juya zan tafi.

"Ina za ki? Na sallame ki ne?"

Ta tashi ta ja ni har kicin ɗinta. A kan murhu akwai tukunya da wani abu kore a ciki, ya yi gudaji, ya kama ƙasa.

"Kin ga abin da kika jawo mini. Na sayi kuka na ce zan gwada. Ko kyanwar bene ta ƙi ci."

Dariya ta kuɓuce mini, hawaye na bin ta.

"Yalla, naɗe hannun riga."

Ta kai ni wurin famfo, ta matsa mini sabulun wanke-wanke da kanta, ta tsaya a kaina. "Har gwiwar hannu. Sake. Tsakanin yatsu. Farce fa?" Na wanke har fatata ta yi ja. Ta fito da tawul sabo daga leda ta ba ni. Ta ce daga yau a nan za a riƙa tuƙi, da tukunyarta da muciyarta, ko cokali kar in sauko da shi daga sama.

Ina tankaɗe gari ta ce, "Wai haihuwa za su yi?"

"Sai in na haɗa su. Ban haɗa ba tukuna."

"Biyu na sani, biyu zan iya mantawa suna saman kaina. In kika mayar da su ashirin, ƙaura zan yi. Ki bari sai na mutu, sannan ki tara garke."

"Allah ya ja kwana, Hajiya. Ni ma ban shirya ba."

Da na faɗa sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, wanda na daɗe ina ɗauke da shi ban san girmansa ba. Katakon yana nan a tsakiyar akwatin har yau, kuma na daina sa hannu a kansa.

Aka yi magariba muka yi salla, na kwashe tuwo na kawo. Ta zauna ta daɗe tana kallon kwanon, ni kuma ina kallon tabarma, don kar idona ya takura ta. Na ji ta yi bisimilla. Na ji ta gutsura. Na kasa haƙuri, na ɗago.

Idonta a rufe yake, tana taunawa a hankali. Ta haɗiye. Ta turo mini kwanon ba ta buɗe ido ba.

"Ƙaro miya, Rabi."